Mai Gadin Gidan Ɗansa

Ranar da Karimatu ta kawo mahaifinta Sakkwato, ƙafarsa ta dama ba ta shiga takalmi. Ƙaya ce ta soke shi a fadama lokacin yankan shinkafa, wurin ya ƙi warkewa, ga shi an taɓa gaya masa yana da ciwon suga. Ita ɗaki ɗaya take zaune da mijinta da 'ya'yanta a unguwar Gidan Igwai, tana tuyar masa a bakin titi. Saboda haka daga tasha ba ta yi wata shawara ba, ta ce wa mai keke napep ya wuce da su unguwar Gidan Dahala, gidan ƙanenta Jalaluddeen.

Duk Sakkwato an san Jalaluddeen, amma da sunan Jalal Mai Marayu. Waƙa ɗaya ce ta fito da shi, wadda ya sa wa suna Inuwata Ta Faɗi, inda yake kukan uban da ya rasu ya bar shi. A wata hira da aka yi da shi a rediyo, mai gabatarwa ya tambaye shi yaushe mahaifinsa ya rasu. Maimakon ya ce waƙa ce kawai, sai ya ja numfashi, ya ce tun yana ƙarami. Malam Sodangi na zaune a gindin rumbunsa da rediyo a kunne ya ji labarin mutuwar tasa. Maƙwabta suka riƙa zuwa suna yi masa ta'aziyyar kansa suna dariya, shi ma yana taya su. A birni kuwa babu wanda ya yi dariya. Aka fara gayyatar Jalal wasannin tara wa marayu taimako, ya buɗe gidauniya da sunansa, manyan mata suna kuka in ya hau dandamali.

Da keken ya tsaya, Jalal ya fito da sauri, ya durƙusa har ƙasa ya gaida mahaifinsa. Ya ga ƙafar, idonsa ya kawo ruwa. Yana shirin kama shi ya shigar da shi falo sai Sirajo, manajansa, ya riƙo hannun rigarsa ya ja shi gefe. Ya tuna masa akwai baƙi a falon, kuma baƙin sun zo ne kan babban wasan da za a yi ƙarshen wata. Ya tambaye shi da wane suna zai gabatar masu da tsohon.

Akwai wani ɗan ɗaki a jikin ƙofar gidan, mai gadinsu bai daɗe da barinsa ba. Aka share, aka sa katifa da fanka.

"Baba, ka yi haƙuri da ɗakin nan na kwana biyu," in ji Jalal. Tun da ya fara zuwa Kano ɗaukar waƙa ya bar harshen gida, Kananci yake yi. "Da an gama wasan nan zan gyara komai. Kafin nan, don Allah kada ka ce wa kowa kai ne mahaifina."

Malam Sodangi ya dube shi, ya dubi Karimatu. "To in anka tambaye ni in ce mi?"

Sirajo ne ya amsa, yana murmushi. "Ba wanda zai tambaya, Baba. Wa ke tambayar mai gadi?"

Karimatu ta buɗe baki, mahaifinta ya ɗaga mata hannu. Ya ce shi ƙafarsa ta kawo shi, ba neman suna ba. In dai za a duba ƙafar, ko ina aka ajiye shi daidai ne.

Washegari Sirajo ya kai shi wani asibitin kuɗi. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi tsohon wa yake da shi a garin nan. Malam Sodangi bai saba ƙarya ba, kuma ya manta da roƙon da Jalal ya yi masa. Ya ce mata yana da ɗa, wannan mai waƙar marayu. Ta yi dariya har da riƙe tebur, ta ce ai duk tsofaffin Sakkwato yanzu iyayen Jalal ne, jiya ma wata tsohuwa ta ce ita ta shayar da shi. Likita ya buɗe ƙafar, ya ce a kwantar da shi a ranar, a wanke ciwon, a sauko da sugan. Sirajo ya ce za su je su ɗauko kaya su dawo. Ba su koma ba.

Sirajo ya shaida wa Jalal cewa bakin Baba ba ya riƙe magana, in aka kwantar da shi a ɗaki mai gadaje da yawa, kafin sallar la'asar labarin ya cika gari. Aka samo wani mai kemis da zai riƙa zuwa gida yana wanke ciwon. Jalal ya ce da an gama wasa da kansa zai kai shi Kano, inda ba a san fuskar kowa ba.

Ba wanda ya ce wa Malam Sodangi ya buɗe ƙofa. Amma ɗakin a jikin ƙofar yake, kuma gidan mawaƙi ba ya rabuwa da baƙi. Mota za ta tsaya ta yi ta hon, na cikin gida suna can ga talabijin, shi kuwa bai iya zama baƙo na tsaye a waje ba. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya ja ƙafar, ya tura ƙarfen. Wasu su ɗaga masa hannu, wasu su yi masa faɗan jinkiri. Wani Alhaji ya miƙo masa 'yan canji ta tagar mota, ya ce ya sayi goro. Tsohon ya tsaya da su a hannu har motar ta shige, bai san ko godiya zai yi ba. Kafin a jima duk unguwa ta san shi da Baba mai gadi. Abin ya zo wa Jalal da sauƙi, domin ko a gaban mutane yana iya ce masa Baba, kuma ana yaba masa yadda yake girmama na ƙasa da shi.

Nabila, matar Jalal, takan zo da sassafe ta durƙusa a bakin ɗakin ta gaida surukinta kamar yadda ya kamata. In ƙawayenta sun zo kuwa, daga baranda take ɗaga murya ta ce Baba mai gadi ya buɗe masu. Abin da ya rage a tukunya shi ake kai masa, yawanci farar shinkafa da lemon kwalba. Da Karimatu ta yi mata maganar sugan, sai ta ce ita fa haka ta tarar da tsarin, ba da ita aka yi hirar rediyo ba, kuma in ta fara dafa wa mai gadi abinci na daban 'yar aikinta za ta yi tambaya.

Ana saura 'yan kwanaki wasa, aka kawo wani babban allon talla aka jingina a tsakar gida. A gefe ɗaya Jalal ne ya sunkuyar da kai, a ɗaya gefen wani dattijo mai farin gemu da rawani, a bayansa gajimare. Malam Sodangi ya daɗe yana kallon dattijon, sannan ya tambayi Sirajo wane ne.

"Kai ne, Baba."

"Ni ban taɓa naɗa rawani ba."

Sirajo ya ce a waya suka samo hoton, kuma ya fi dacewa da allon. Tsohon ya ƙara duban mutumin, ya ce to Allah ya sa shi ma iyalansa sun san inda yake.

A makon ne wata mai taimaka wa gidauniyar, Hajiya Ummukulthum, ta aiko da rago da buhun shinkafa, ta ce a tara malamai a yi wa mahaifin Jalal addu'a kafin wasa. Ba yadda za a ƙi. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida da hantsi, aka yi sauka. Malam Sodangi ya buɗe wa malaman ƙofa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna a bakin ɗakinsa ya miƙe ƙafar. Babban malamin ya tambayi sunan marigayin. Jalal ya faɗi sunan ƙasa-ƙasa ba tare da ya dubi wajen ƙofa ba. Aka ɗaga hannu, aka roƙi Allah ya gafarta wa Malam Sodangi, ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya makwancinsa. Tsohon ya ɗaga nasa hannun ya ce amin tare da kowa. Da aka raba abinci, Hajiya ta ce kada a manta da mai gadi, shi ma ya ci ya sa wa mamacin albarka. Aka kai masa kwano shaƙe da nama.

Karimatu ta zo da yamma ta tarar da kwanon a rufe bai taɓa ba. Ya ba ta labari yana ƙoƙarin yin dariya irin ta ƙauye, dariyar ta ƙi fitowa. Ya ce addu'ar dai ya karɓa, don ba a ƙin neman gafara, amma naman ya kasa wuce masa wuya.

Ta shiga cikin gida ta sami ƙanenta yana gwada rigar da zai sa ranar wasa. Ta ce masa ƙafar Baba ta fara baƙi daga yatsu, mai kemis ɗin nan auduga kawai yake canzawa. Jalal ya zauna ya yi mata bayani a natse. Ya ce ta san yara nawa ke cin abinci ta dalilin gidauniyar nan? Ta san zawarawa nawa aka saya wa keken ɗinki? In gaskiya ta fito yau, gobe ba wanda zai sake ba da ko kwabo, yaran nan su koma kwana da yunwa. Ya ce shi ma abin na cin ransa, ba ya barci, amma ƙarya ɗaya da ke ciyar da marayu ai Allah na gani.

"Allah shina gani, gaskiya na," in ji ta. "Ƙahwar ma shina gani."

Ta dawo ta ce wa mahaifinta ya tashi su tafi Gidan Igwai, ko a ƙasa ita da yara sa kwana. Ya ƙi. Ya ce ba zai je ya kori suruki daga ɗakinsa ba, kuma yaron nan sana'arsa yake yi, ya yi alkawarin Kano, a bari ya gama. Ya ce mutane za su ce me in ya bar gidan ɗansa namiji ya koma ɗakin ɗiya. Ta tuna masa cewa mutanen da yake jin kunya ba su ma san yana raye ba. Duk da haka bai tashi ba.

Wasan ya yi kyau fiye da yadda aka zata. An yi shi bayan la'asar a wani babban zaure, ya cika har waje. Jalal ya rera Inuwata Ta Faɗi a gaban hoton dattijon mai rawani, ya durƙusa a tsakiyar waƙar, mata suka yi ta sharar hawaye da gefen mayafi. Da motoci suka dawo gida ana ta hon na murna, Malam Sodangi ne ya buɗe masu. A ranar da guiwa ya ƙarasa bakin ƙofar.

Saboda wasan ya yi kyau, aka gayyace su Birnin Kebbi, daga can Gusau. Tafiya Kano ta koma sai an dawo. Da aka dawo, Sirajo ya ce yanzu ne lokacin yi wa waƙar bidiyo, tun mutane ba su huce ba, kuma masu ɗauka daga Kano za su zo, in ya so in sun gama sai a bi su da Baba a mota ɗaya.

Masu ɗaukar suka zo da fitilu da wayoyi suka cika gidan. Daraktan na sauka daga mota ya ga tsohon da ya buɗe masu, ya tsaya yana dubansa. Ya ce wa Jalal ai ba sai an wahala ba, ga wanda zai fito a matsayin uban nan, har hancinsu iri ɗaya ne, ga rama ta gaske ba sai an yi kwalliya ba. Jalal ya ce a'a da sauri. Sirajo ya ce tsohon ba ya jin magana sosai, zai ɓata masu lokaci. Aka tsaya kan ɗan wasan da suka zo da shi, wani dattijo mai suna Jelani.

Aka kwantar da Jelani a ɗakin baƙi mai na'urar sanyaya ɗaki, kan gado mai laushi, aka liƙa masa robar ƙarin ruwa ta ƙarya a hannu. Jalal ya zauna a gefensa ya riƙe hannunsa, yana shafa masa goshi, yana ba shi ruwa a cokali. Aka maimaita mutuwar har sai da darakta ya gamsu. Duk lokacin da aka tsaya, sai a kawo wa Jelani shayi a gyara masa matashi. A waje rana ta take, irin ta bazarar Sakkwato, Malam Sodangi na kai da kawo tsakanin katifarsa da ƙofa, don masu ɗaukar ba su daina aike ba.

Da aka tashi cin abinci, Jelani ya fito shan iska, fuskarsa da farar hodar da aka shafa masa. Ya zauna kusa da tsohon suka gaisa. Malam Sodangi ya tambaye shi wane aiki yake yi a ciki.

"Ni ne uban Jalal," in ji Jelani. "Tun safe nake mutuwa."

"Sannu," in ji Malam Sodangi. "Shina kula da kai dai ko?"

Jelani ya ce ƙwarai, yaron akwai tausayi. Sai warin ya iso masa. Ya dubi tsumman da aka naɗe ƙafar da shi, ya tashi ya sami Sirajo, ya ce masa tsohon nan na bakin ƙofa in ba a kai shi asibiti yau ba za a yi da-na-sani. Sirajo ya gode masa, ya ce suna sane, an ma riga an shirya mota. Masu ɗaukar suka koma Kano washegari, motarsu cike da kaya, babu wurin mutum.

Daga nan warin ya fara tarar baƙi tun daga titi. Nabila ta sa aka riƙa ajiye kaskon turaren wuta a bakin ƙofa. Da hakan bai yi ba, Sirajo ya kawo shawarar a mayar da Baba ɗan shagon da ke bayan gida kusa da janareta, ya ce can ya fi sirri, kuma zai huta da buɗe ƙofa. Aka ɗauki sabon mai gadi. Jalal yakan leƙa shagon in zai fita, ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci, ya ce Baba ya jiki, an kusa. Tsohon ya ce da sauƙi. Ya daina cin abinci, sai ruwa. Da sallah ta gagare shi a zaune, ya koma yi a kwance.

Wata safiya Karimatu ta zo da kunu, sabon mai gadin ya hana ta shiga, ya ce masu neman taimako ranar Juma'a suke zuwa. Ta ture shi ta wuce. Ta sami mahaifinta jikinsa kamar garwashi, yana magana da mutanen da suka daɗe da rasuwa, yana cewa a kore tsuntsaye daga shinkafa. Ba ta shiga cikin gida ba, ba ta nemi kowa ba. Ta fita ta tsayar da mai keke, suka ɗauko shi su biyu. Suna fita Sirajo ya biyo su da waya a hannu, yana tambayarta wane suna za ta bayar a asibitin. Ta ce sunan da aka raɗa masa.

A asibitin gwamnati likita ya buɗe ƙafar ya rufe. Ya tambaye ta ina suke tun tuni. Ya ce ko yanke ƙafar aka yi yanzu ba lallai ya tashi ba, cutar ta shiga jini.

Jalal ya zo washegari da hular sanyi da takunkumi a fuska, amma tun daga baranda aka gane shi. Masu jinya suka taso da wayoyi. Kafin ya kai gadon, labari ya zagaya cewa Mai Marayu ya zo duba mai gadinsa da kansa. Ya durƙusa a gefen gadon ya riƙe hannun tsohon. A lokacin Malam Sodangi ya ɗan dawo hayyacinsa. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya yi magana a hankali, sai da Jalal ya kai kunne.

"Jalalu, in ta Allah ta kasance, mi za ka ce masu? Ka riga ka kashe ni tun tuni."

Jalal ya kifa kansa a kan katifar yana kuka. Na bayansa suka matso da wayoyinsu don su ɗauka da kyau.

Ranar Talata kafin azahar Malam Sodangi ya rasu. Sirajo ya ce zafi ya yi yawa, ba za a iya kai gawa ƙauye ba, aka yi jana'iza a Gidan Dahala. Jama'a ta taru sosai saboda Jalal. A maƙabarta liman ya tambaya ko akwai ɗan mamacin ko ɗan'uwansa da zai shiga ya karɓe shi. Jalal ya buɗe baki, Sirajo ya riga shi, ya ce bawan Allahn nan ba shi da ɗa namiji, amma maigidansa ya ce shi zai shiga. Jalal ya cire takalmi ya sauka cikin kabarin. Mutane suka yi ta girgiza kai suna cewa a wannan zamanin samun irin wannan yaro sai an tona.

A wurin zaman makoki, a ɗan tsakar gidan su Karimatu, Jalal ya zo bayan an watse ya zauna a ƙasa gabanta. Ya rantse mata cewa ya gaji. Ya ce akwai wasa ranar Asabar ta sama, an riga an sayar da tikiti, a nan zai tsaya gaban kowa ya faɗi ko wane ne Baba mai gadi, duk abin da zai faru ya faru. Ya roƙe ta ta zo ta tsaya kusa da shi, don shi kaɗai ba zai iya ba. Ta ga yadda ya rame, ta ce za ta zo.

Ranar Asabar aka zaunar da ita a layin gaba kusa da Hajiya Ummukulthum. Bayan waƙa ta biyu kiɗa ya tsaya. Sirajo ya fito da makirufo, ya ce kowa ya ji rashin da gidan Jalal ya yi. Ya ce marigayin ya bar ɗiya ɗaya, ga ta nan, yau ita ma ta shiga sahun marayu, kuma gidauniya ta ɗauki nauyinta. Aka turo buhun shinkafa da keken ɗinki tsakiyar dandamali. Wasu 'yan mata suka kamo hannunta suka hau da ita.

Ta dubi Jalal. Yana tsaye da nasa makirufon, idonsa a kan takalminsa. Ta jira shi, bai ɗago ba. Sirajo ya miƙo mata makirufo ya ce ta yi wa jama'a godiya a taƙaice.

Ba ta taɓa magana a gaban taro ba, muryarta ta fito da ƙarfin da ya ba ta tsoro.

"Sunan ubana Malam Sodangi. Ranar Talata ya rasu, ƙahwa ta ruɓe mai a bayan gidan wanga da ke tsaye. Wanga ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya. Ubanai bai mutu ba sai ranar Talata."

Sirajo ya karɓe makirufon a hankali, kamar mai taimaka mata. Ya ce jama'a kun ji da kunnenku. Ya ce tsabar yadda Jalal ya riƙe tsohon nan, ɗiyarsa ta cikinsa ta tsaya a nan ta ce uwa ɗaya uba ɗaya suke, har sunan mahaifin Jalal take kiran nata da shi. Ya ce Jalal ya yi rashin uba sau biyu ke nan. Wani daga baya ya yi kabbara, zaure ya amsa, tafi ya ɓarke. Hajiya Ummukulthum ta hau dandamali ta rungume Karimatu tana kuka, tana ce mata ta yi haƙuri, baƙin ciki ne, ta san yadda yake juya harshe.

Mai kiɗa ya saki Inuwata Ta Faɗi. Jalal ya ɗaga makirufo ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa, ya kasa. Sirajo ya yi wa mai na'ura alama da hannu, aka ɗaga muryar da aka ɗauka a Kano. Waƙar ta ci gaba da fita daga lasifika lafiya lau, mai waƙar na tsaye bakinsa a rufe, hawaye na zuba a kan sabuwar rigarsa. Mutane suka miƙe tsaye. Waɗanda suka halarta sun daɗe suna cewa bai taɓa yin wasa mai kyau irin na ranar ba.

Karimatu ta zare jikinta daga hannun Hajiya ta sauka ta gefe. A bakin zauren wani ma'aikacin gidauniya ya biyo ta da gudu, ya ce ta manta kayanta, kuma ana son ta tsaya a yi mata hoto da buhun. Ta ce ya kai wa maigidansa, yanzu ya cancanta.

Ta tari keke zuwa Gidan Igwai. A ƙofar gida ta tarar da mutanen ƙauyensu da labari bai kai masu da wuri ba, tsofaffi abokan noman mahaifinta, zaune a kan tabarmar aro. Sun fara zuwa Gidan Dahala, mai gadi ya ce masu sun yi ɓatan hanya, mai gidan nan ubansa ya daɗe da rasuwa. Suka yi mata gaisuwa, suka yi addu'a. Babbansu ya ce suna son a nuna masu kabarin kafin rana ta faɗi, su koma.

Ita ba ta je maƙabarta ba, mijinta kuma yana kasuwa. Ta kwatanta masu hanya, ta ce in sun isa su nemi mai kula da wurin. Tsohon ya ce to, za su ce masa kabarin Malam Sodangi.

"Ba ya gane shi da wanga suna," in ji ta. "Ku ce mai gadin Jalal."